Ƙararrawa ta biyu a gidanmu: abin da na gani cikin wata uku

Gidanmu na Zango ginin da ne, dogo: zaure, falo, tsakar gida, sai ɗakin Inna da madafa can ƙurya. Ƙararrawar ƙofa kuwa a falo take. Ranar da Baffa ya taso daga Mirya cikin zafin Afrilu, ya yi ta dannawa ba wanda ya ji, ya juya da fushi, ranar na san sai an ƙara wata a ciki.

Da farko maras waya na sayo a kasuwar Dole. Kwalinta ya ce tana kai mita 100, amma katangar ƙasa uku da ƙyauren ƙarfe suka tare ta, ko tsakar gida ba ta wuce ba. Na mayar, na karɓo mai waya, jika huɗu.

Mai shagon ya ce ai ɗaurawa kawai za a yi. Ba haka abin yake ba. Yaron da ke mana gyaran wuta ya ja waya wajen mita 25 daga ta falo, aka danna, sai duka biyun suka yi wani nishi kamar akuya mai mura. Ya buɗe akwatin ya ce, "Alhaji, taransifomarku ce ƙarama." Ita ke sauke wutar gida daga volt 220 zuwa 8, amma ampa 1 kawai take bayarwa, abincin baki ɗaya aka raba wa biyu. Ga siririyar waya mai tsawo tana shanye sauran ƙarfin a hanya. Muka sa mai ampa 2, volt ɗin bai canza ba don kada tsohuwar ƙararrawar ta ƙone, aka kuma sake waya mai kauri. Wannan ya ci fiye da kuɗin ƙararrawar kanta, kuma da an faɗa mini tun a shago da ban ji haushi ba.

Yanzu kam ko ana daka a madafa ana jin ta sarai. Kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai in an ɗauke wuta duka biyun bebaye ne, a koma sallama da bugun ƙyaure.

Inna ce ba ta gamsu ba. Yaran unguwa sun gano tana ƙara a bakin ɗakinta, suna dannawa su ruga daidai lokacin barcinta na bayan azahar. Ta ce, "Kai, ka cire mini wannan abin." Ban cire ba, na sa mata ɗan makunni kusa da gado. Jiya na tarar da shi a kashe tun safe, mai kawo ruwa kuma yana tsaye a waje da kurarsa.