Littafin gyaran tunani: ya yi mini rana, amma yana son abokin tafiya

Littafin da na yi aiki da shi don rage damuwa na Faransanci ne, a kan hanyar da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira TCC, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likitan Amurka, Aaron Beck, ya kafa tushenta a shekarun 1960, bayan ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da mugun zato da ke faɗo musu nan take, su kuma ɗauke shi gaskiya ba tare da bincike ba.

Abin da ya fi amfanata shi ne jadawalin rubuta tunani. Za ka ja layuka a kaye: me ya faru, me zuciyarka ta raya maka, nauyin damuwar daga 0 zuwa 100, sai hujjar da ke goyon bayan zaton da wadda ke rushe shi. Na tura wa yayana gaisuwa ta WhatsApp, shiru har dare. Zuciya ta ce fushi yake da ni. Da na zo layin hujja sai na rasa abin rubutawa, ban da cewa unguwarsu ta yini ba wuta, kuma shekaranjiya muka sha shayi tare lafiya lau. Damuwar ba ta gushe ba, amma ta sauka har na samu barci. Wallahi wannan shafin kaɗai ya biya kuɗin littafin.

Inda muka raba hanya shi ne misalansa. Rayuwar Turai ce zalla: ka fita yawo da karenka, ka koyi ce wa iyayenka a'a kai tsaye. Wane ɗan halak ne zai kalli tsohuwarsa ya yi haka? Dole na sauya. Fitar da yake nema na mayar da ita tattaki bakin kogi wajen gadar Kennedy ta Yamai bayan la'asar, da komawa fada wurin abokai, wadda na ƙaurace mata. Kuma ban ga ya yi karo da addu'a ba ko kaɗan. Kyautata zato ai a gida muka tarar da shi.

Karatu kai kaɗai yana da wuya, domin ranar da zuciya ta yi nauyi ko buɗe littafin ba ka so. Shi ya sa a Ingila, inda hukumar lafiya ke ba da irin waɗannan littattafai ga masu damuwar da ba ta yi tsanani ba, sukan haɗa mutum da ma'aikacin da ke bin diddiginsa. Ni aminina na roƙa, duk Juma'a yana tambayata me na rubuta.

Wanda kuwa ya daina ci, ya daina fita aiki, ko tunanin halaka kansa ke zuwar masa, don Allah kada ya tsaya kan littafi. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, 'yan uwa su raka shi can.