Jakin ƙarfen da ka gani a waya

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina gajiya, ya iyali, ya aikin kaka? A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata ban manta da saƙonta ba.

Na ga bidiyon da ka turo na ƴar katkat ɗin nan, ƙaramar mota mai ja da ƙafa huɗu, da ka ce in tambayo maka kuɗinta saboda gonar Jiratawa. Ka tambayi wanda yake kwana yana tashi da ita. Shekara uku ke nan ina aiki a wata gonar shanu a jihar Minnesota, kuma kullum da asuba ita nake hawa in kai wa maruƙa madara. Mutanen nan UTV suke ce mata. Ni jakin ƙarfe na sa mata, don duk aikin da jaki ke yi mana a gida shi take yi musu.

Sitiyari gare ta kamar mota, da kujerar mutum biyu ko uku, wata har shida, kuma an kewaye ta da ƙarafa don in ta kife kada ta danne mai tuƙi. A baya akwai akwatin kaya da ake ɗagawa a juye kamar na tifa. Matsakaiciya irin Polaris Ranger 1000 tana ɗaukar kilo 450 a akwatin, buhu huɗu da rabi na gero ke nan, tana kuma jan tirela mai nauyin fiye da tan ɗaya. Shi kamfanin Polaris ɗan nan jihar ne, an kafa shi a 1954 a Roseau, wani ƙaramin gari kusa da iyakar Kanada, shi ya sa manoman nan ke ji da shi kamar ɗan ɗakinsu.

Bara mai gonar ya ɗauke ni muka je wurin dillali sayen sabuwa. Kafin a yi maganar kuɗi sai da mai sayarwar ya tambaye mu abin da za mu riƙa ɗauka, da irin ƙasar gonar, da yawan masu hawa. Ashe gida biyu ne. Akwai na aiki: Kawasaki Mule da ta fito tun 1988, John Deere Gator, Kubota RTV, Honda Pioneer, Can-Am Defender da ita Ranger ɗin. Akwai kuma na wasa, irin Polaris RZR da Can-Am Maverick, masu gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Yaya, wadda ke cikin bidiyonka tana tsalle a kan tudun rairayi, ta wasa ce. Dokin hawan sallah ce, buhu ɗaya ma ba shi da wurin zama a bayanta.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne maganar bel. Yawancinsu ba giya irin ta mota ke jan su ba, wani bel ne na roba mai kauri tsakanin inji da ƙafafu. In ka lafta kaya ka shiga rairayi ko caɓi ba ka sa ƙaramar giya ba, bel ɗin sai ya yi ta sulɓi, ya yi zafi, ya ƙone. Ni kaina na ƙona na tsohuwar da muke da ita a watana na biyu, na cika ta da ciyawa na afka laka ina ta taka mai. Warin roba ne ya fara faɗa min, kafin ta tsaya cik. Laifina ne, ba na kowa ba. Honda Pioneer da Kubota RTV mai shan gazuwal ba su da wannan bel ɗin. Ita Kubotar gazuwal ɗin ba ta wuce kilomita 40 a awa, ga nauyi ga haƙuri, sa ce ta huɗa. Ni ita raina ya so. Ɗan mai gonar kuwa ya ce shi ba zai je farauta a kan kunkuru ba, sai uban ya raba gardama ya ɗauki matsakaiciya mai shan isans.

Gaskiya mutanen nan sun san daɗinta. A watan Nuwamba da ita ake shiga daji farautar barewa, akwai hanyoyin da gwamnatin jiha ta ware mata cikin gandayen daji, da rajista da doka, yaro kuma sai da hular kwano. Da sanyi ya kai sanyi tabki yakan daskare, su hau kansa da ita, su huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Ranar da aka fara shiga da ni, Ayatul Kursiyyu nake ta ja har muka fito. Ka kwatanta mutum ya tuƙa mota a tsakiyar tabkin Madarunfa.

Kuɗi kuwa, ta aiki mai ɗan dama tana kaiwa dala dubu 15, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen ƙosai ba. Sama da sefa miliyan takwas ke nan tun ba ta bar shago ba. Mai ƙofofi da gilashi da na'urar ɗumama ɗaki tana haura dubu 30. Sai ka ƙara kuɗin kwantena, da doguwar hanyar Lome tunda aka rufe iyakar Benin a 2023, da na duwan. Na ƙasar Sin irin CFMoto sun fi sauƙi, kuma suna ƙara yawa nan.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ranar da na ƙona bel, mai gonar waya kawai ya buga ya faɗi lambar motar, kafin la'asar sabo yana hannunmu. Dillalin yana da garejinsa, yana da kwamfutar da ake jona wa inji ta faɗi ciwonsa, ga garanti a rubuce. Sai dai awa ɗaya ta makanikinsu ta wuce dala 100, kuma ba su san gyara ba, canji suka sani. Ta wannan fanni makanikinmu na gindin bedi ya fi su nesa ba kusa ba, shi da zai kwance kabireta ya wanke ta ya mayar a kan jaka biyu. To amma sababbin nan ba kabireta gare su ba, kwamfuta ce ke auna musu mai. In wata ƴar na'ura ta mutu a Jiratawa, wa zai gano ta, kuma a wane shago za a same ta, Maradi ko Katsina? Ga ƙurar hunturu da za ta toshe matatar iska, ga zafin watan Afrilu a kan bel, ga ƙayar aduwa ga taya, ga man ruwa-ruwa na kwalba da ba ka san abin da aka haɗa masa ba. Tsorona kada ta zama gidan kaji a ƙofar gida, ƴan unguwa suna nunawa suna cewa ga motar Amurka.

Da za ka ji tawa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya za mu saya. Zai kwaso zogale da albasa daga Jiratawa zuwa kasuwa, kayan gyaransa na nan birjik, kuma yaron da ke gyaran kabu-kabu ma ya san cikinsa. Kuɗin jakin ƙarfe ɗaya zai sayi da yawa irinsa, har a samu rarar famfo mai aiki da hasken rana. Inda rairayi ya yi zurfi kuwa, amalanken shanu bai taɓa ƙona bel ba. In kuma ranka ya kafe a kan katkat, gara tsohuwar Hilux da kowane gareji ya sani.

In ka shiga kasuwa ka tambayo min kuɗin mai ƙafa ukun, sabo da na hannu, ka tafi da makanikinka ya saurari injin. Ƙarshen wata in Allah ya kai mu zan turo nawa kason. A shafa min kan yara.