“Wannan keken naka ne?” Abin da na gani wajen neman asiransin keke a Faransa

Ƴan uwa na Maradi, ina gaishe ku. Tun ranar da na saka hoton keken lantarkin da na saya Yaya ya kira ni da faɗa, wai ina hankalina da zan zuba kuɗin fili a kan keke. Na yi masa alkawarin zan yi bayani dalla-dalla. Sai dai kafin in samu sukunin rubutawa wani abu ya faru da ni a ofishin asiransi, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Grenoble, inda nake, gari ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, amma duwatsu sun kewaye shi: Chartreuse, Vercors da Belledonne. Ni kuwa gidan burodin da nake aiki yana wani ƙauye a jikin Chartreuse, ƙarfe 4 na asuba nake fara kwaɓa fulawa, kuma babu bas a wannan lokaci. Kilomita 11 ne, kusan duk hawa. Shi ya sa na sayi keken hawan dutse mai lantarki, mai kaurin taya, injinsa na Bosch yana wajen feda, batir kuma a cikin jikin ƙarfen. A dokar nan, muddin injin bai wuce wat 250 ba, yana taimaka maka ne kawai in kana taka feda, kuma yana ɗauke hannu in ka kai gudun kilomita 25 a awa, to keke ne: ba lasisi, ba lamba, ba asiransin dole. Mai kaiwa 45 shi ake lissafawa da moto. Nawa na hannu ne, a shago na saye shi Yuro 3,400, biya cikin wata goma. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ku lissafa, ya haura miliyan 2 da jika 200.

Wata guda da sayensa aka sace na wani abokin aikina ɗan Mali a ɗakin ajiya na ƙarƙashin benensu. Ɓarayin nan da injin yankan ƙarfe mai batir suke yawo, irin na masu walda, a jakar goyo. Ya je wajen masu asiransin gidansa da tabbacin za a biya shi, aka ce masa ɗakin na kowa da kowa ne a benen, kuma babu alamar an ɓalle ƙofa. Ko sisi bai samu ba, ga bashin keken yana ci gaba da biya. Ana ƙiyasin kekuna kusan dubu 400 ake sacewa a Faransa kowace shekara, wato sun fi yawan mutanen da aka ƙirga a birnin Maradi a ƙidayar 2012, dubu 267. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da na tashi aiki da wuri na zarce ofishin da nake biyan asiransin ɗakina, tun da a nan dole ne duk ɗan haya ya yi shi.

Daga aiki nake, da gari a hannun rigata. Na ɗaure keken a bakin ƙofa inda ake hango shi ta gilashi, na shiga na gaida matar da ke kan tebur, na ce ina son asiransin sata na keke. Ta tambayi kuɗinsa. Na faɗa. Ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi takalmina, ta leƙa waje, sannan ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta ce, “Wannan keken naka ne?”

Na ce nawa ne. Ta ce a ina na samo shi, a shago ko a hannun wani a kan titi? Na ce a shago, na buɗe waya zan nuna mata hoton takardar saye. Ko karɓar wayar ba ta yi ba. Ta tashi ta kira wani abokin aikinta, suka je jikin gilashi suna kallon keken suna magana ƙasa-ƙasa, ni kuma ina tsaye, akwai mutum uku a kan kujerun jira duk sun zuba mini ido. Da suka dawo namijin ya ce, cikin murya mai taushi wadda ta fi zagi zafi, suna yawan samun masu zuwa da kekunan da ba a san asalinsu ba, wasu kuma su yi asiransi yau, bayan wata biyu su ce an sace. Ya ce ba da ni yake ba. To da wa yake? Shekara shida ina biyan su kuɗin asiransin ɗaki, ban taɓa latti ba, sunana yana cikin kwamfutar da ke gabanta. Wani dattijo da ya shigo bayana da maganar motarsa, ban ji an tambaye shi ko motar tasa ce ba.

Na fito ban ce uffan ba. Hannuna na rawa har makulli ya faɗi sau biyu kafin in buɗe kwaɗon. A kan hanya Baba nake ta tunawa, Allah ya jiƙansa. Ina yaro nake bin sa babbar kasuwa, ya shiga rumfar Alhaji ya ɗauki atamfa ta kuɗi masu yawa, ba sa hannu ba shaida, sai dai “bayan sallah in Allah ya kai mu.” Kaya su tashi daga Maradi su bi ta Ɗan Isa su shiga Jibiya da Katsina har Kano a kan kalmar baki. Ɗan wannan mutumin ne aka tsayar ana duban ko ya yi kama da mai keke. Daren nan ban ci abinci ba. Na so in kira Inna in ji muryarta, na fasa don za ta gane akwai damuwa.

Washegari na koma da komai a cikin jaka: takardar saye ta asali, takardar biyan wata-wata, da takardar shaidar lambar keken. Wannan ta ƙarshen ita ce abin da na yaba wa ƙasar nan ko da raina a ɓace. Tun 1 ga Janairu 2021 doka ta tilasta wa duk shago ya sa wa sabon keke lambar shaida wadda ba ta gogewa kafin ya sayar, daga Yuli na shekarar aka haɗa da na hannu. Lambar tana shiga rajista guda ta ƙasa baki ɗaya tare da sunan mai shi. In an sace ka shiga intanet ka sanar, duk wanda ya duba lambar zai ga an rubuta na sata ne, in ƴan sanda sun tsince shi ko a wani gari ne su neme ka. Ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, FUB, ta fara irin wannan zanen lamba da sunan Bicycode tun 2004, kafin gwamnati ta mayar da shi dole. Na ajiye takardun a gabanta ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta, fuskarta ta canja, ta ce in zauna. Haƙuri dai ba ta ba ni ba.

Sannan aka zo kan kuɗi. Yuro 31 a wata, sama da jika 20. Na ce to, me zan samu? Nan ne na ga inda gizo ke saƙa. In an sace, za su fara cire kashi 10 cikin 100 a matsayin nawa rabon asarar, wato Yuro 340. Kowace shekara kuma darajar keken tana raguwa a lissafinsu saboda tsufa. Batir in shi kaɗai aka zare, ba ruwansu, alhali shi ne abin da ɓarayi suka fi so, sabo yana cin ɗaruruwan Yuro. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wani layi da ƙananan haruffa a shafi na huɗu: in keken yana waje tsakanin ƙarfe 10 na dare da 6 na safe, babu biya. Ni da nake ɗaure shi a bayan gidan burodi tun 4 na asuba! Da na sa hannu ban karanta ba, da na yi shekara ina ciyar da su a banza. Na tattara takarduna na yi gaba.

Mako uku na yi ina nema. Shagon da na sayi keken suna da nasu, shekarar farko da sauƙi, ta biyu ya yi tsalle. A intanet akwai kamfanonin da keke kaɗai suke yi wa asiransi, ka rubuta kuɗin keke da lambar unguwarku farashi ya fito nan take. Na ga na Yuro 9 na yi murna, da na karanta sai na tarar iyakar abin da suke biya bai kai rabin kuɗin kekena ba. Araha ba ta ado. Abin haushi, ba inda za ka samu mutum ka tambaya, sai akwatin rubutu da amsar da aka riga aka tsara. Wanda ya fitar da ni wani tsoho ne a wani wajen gyaran keke na ƴan sa-kai, inda kake biyan kuɗi kaɗan a shekara ka yi amfani da kayan aikinsu. Hannunsa duk baƙin mai, ya karɓi takardun ya juya su ta baya, ya ce, “Ɗana, daga ƙarshe ake fara karanta irin wannan. Ka fara da abin da ba su biya.” Ya zauna da ni kusan awa guda yana ja wa layuka biro. Ko kofi bai yarda na saya masa ba. A gari ɗaya da matar can yake.

Wanda na tsaya a kai Yuro 17 ne a wata, kusan jika 11. Suna biya dare da rana, ba sa rage darajar keke a shekara biyun farko, batir yana ciki. Sharuɗɗan kuwa ba wasa. Dole kwaɗon ya zama cikin waɗanda FUB ta gwada ta ba su babban mataki, sai da na sayi wani mai lanƙwasa kamar kofaton doki Yuro 85, nauyinsa ya kusa kilo biyu, na tura musu takardar sayensa. Dole in ɗaure jikin ƙarfen keken, ba taya kaɗai ba, da abin da ke kafe a ƙasa. In an sace in kai ƙara komisariya, kuma in sanar da su cikin kwana biyu na aiki, wanda shi ne mafi ƙarancin wa'adin da dokar asiransi ta Faransa ta yarda a ba mutum kan sata. Yanzu duk inda na ɗaure shi sai na ɗauki hoto. Da daddare ina kinkimar batir zuwa hawa na uku.

Yaya ya tambaye ni ko wannan ba caca ba ce. Tambayar ta dame ni ni ma. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana asiransin kasuwanci ta halatta na taimakon juna, wanda ake kira takaful. Shi ya sa na zaɓi wanda ke hannun irin ƙungiyoyin nan da masu biya su ne masu ita, ba masu hannun jari a gefe. Ya fi kusa da adashinmu, kuma da shi hankalina ya fi kwanciya.

Mu a gida asiransi takarda ce da ake nuna wa ɗan sanda a kan hanya, ba wanda ke sa ran ganin ko dala daga gare ta. Wallahi ina kewar yadda muke yi. Ka je sallar Juma'a ka bar moto wajen yaron da ke gadi, ka ba shi dala goma, ya san fuskarka ya san ta babanka. Lokacin da aka sace moton ɗan Kawu a unguwar Zariya, wanda yake kabu-kabu da shi, kafin sati biyu dangi da abokan tasha sun haɗa masa abin da ya kai rabin kuɗin wani. Ba wanda ya ce ya kawo hoton kwaɗo, ba wanda ya tambaye shi ko moton nasa ne. A nan abokina ɗan Mali, in ban da mu uku da muka haɗa masa ɗan abin da ya samu, maƙwabtansa ko jaje ba su yi masa ba.

Amma ku bar ni in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Da aka je komisariya aka tambayi ɗan Kawu lambar jikin moton, bai sani ba. Takardar saye? Ta ɓace tun shekarar da aka saya, wataƙila an ƙulle ƙosai da ita. Ko an kama moton a Madarumfa ko a Gidan Rumji, da me zai ce nasa ne? Kuma mu ne dai, in aka kawo mana moto rabin kuɗi ba takardar duwan ba ta mallaka, sai mu ce Allah ya kawo rabo. Mu ne masu zuwa wajen bakanike mu ce a samo mana inji na hannu mai sauƙi, ba mu tambayi daga jikin na wa aka kwance shi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna kuka da ɓarayi da safe, da yamma mu zama kasuwarsu. Ƴan kabu-kabu nawa ne a tasha ɗaya? Da kowa zai ajiye dala ashirin a rana a asusu guda, da littafi mai ɗauke da lambar kowane moto, ba sai an bi gida-gida ana roƙo ba ranar da abin ya faɗa kan wani. Amanar da za a riƙe asusun muna da ita fiye da mutanen nan, rubutawa ce ba ma yi.

Asiransin ɗakina kuwa na ɗauke shi daga ofishin can a ƙarshen wata. Da aka tambaye ni dalili a takarda, na rubuta tambayar da matar ta yi mini kalma da kalma, na sa ranar da lokacin.

Yaya, kai kuma moton da ke zaure, lambar tana jikin wuyansa, ƙasan kan, ta injin kuma tana gefen injin daga ƙasa. Ka sa Ƙarami ya goge ƙurar ya ɗauki hoton duka biyun, ya haɗa da takardun in suna nan, ya turo mini ta WhatsApp in ajiye muku a nan. A gaida Inna, a ce mata sanyi ya fara sauka amma ina da rigar kirki.