Wa Ya Taya Ka Ɗora Jirgin a Kan Mota?

Yaya, barka da war haka. Ina fata kowa lafiya. A gaishe min da su Inna da yara.

Tun da na turo hoton nan na motata da jirgin ruwa kife a kanta, saƙonka na farko shi ne tambayar mutum nawa suka taru suka cicciɓa shi. Amsar ita ce babu kowa. Ni kaɗai ne, da injin huda mai batir a hannuna, kuma ban yi minti goma ba. Na san za ka ce zaman Birisben na Ostareliya ya koya min zuƙi ta malle, shi ya sa na zauna in yi maka bayani dalla-dalla, don na shafe watanni ina zagaya shaguna kafin in saya, kuma har yanzu abin yana kaina.

Da farko ka san dalilin da ya sa mutum mai hankali zai ɗora jirgi a rufin mota alhali ga tirela. A Ostareliya ƙaramar mota tirela ɗaya kawai doka ta yarda ta ja. Mutanen nan kuwa, musamman waɗanda suka yi ritaya, suna da wata ɗabi'a ta ɗaura ɗakin kwana mai taya a bayan mota su zagaye ƙasar. Babbar hanyar da ta kewaye ta wajen kilomita 14,500 ce, wasu sukan shekara a kanta. Idan sanyi ya shigo kudu wajen watan Yuni sai ka ga sun yi ayari sun nufi arewa, irin su Karumba da kogin Daly, inda ake kamun wani babban kifi da ake kira baramandi. To ɗakin kwana ya riga ya cinye gurbin tirela. Jirgin ba shi da wurin zama sai sama. Jirgin nan da suke kira tini na alminiyam ne, tsawonsa mita uku da rabi ko ɗan fiye, nauyin gangar jikinsa kaɗai tsakanin kilo 60 zuwa 90. Mai shi kuma dattijo ne ɗan shekara saba'in da matarsa, a bakin kogin da ba ka ganin kowa sai kada. Wannan buƙatar ce ta haifi sana'a sukutum.

Na fara ne da ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Nauyinsa bai kai kilo 30 ba, sai na raina shi. Ran farko na ɗaga shi sama da kaina, iska ta kaɗo, ya kwashe ni gefe, bakinsa ya zana min layi a ƙofar mota. Ashe ba nauyin ne matsalar ba, tsawon ne. Abu mai mita huɗu idan ya soma juyawa a sama ba ka da ta cewa. Maƙwabcina, wani tsohon mai aikin famfo da ya yi ritaya, yana tsaye ta katanga yana kallo. Bai ce min komai ba, sai ya shiga gida ya fito da tabarmar banɗaki mai roba a ƙasa, ya shimfiɗa a bayan rufin, ya jingina hancin kwale-kwalen a kai, ya koma ya kama gindin ya tura. Shi ke nan ya hau. Wannan ita ce na'ura mafi araha a duk kasuwar, kuma dabarar da ke cikinta ita ce ta sauran duka: kada ka taɓa ɗaukar dukkan nauyin a lokaci ɗaya, ka bar ƙasa ko mota ta riƙe maka rabi.

Daga tabarma sai gargare mai manne wa gilashin baya, sai sandar da ake zarowa daga gefen kariya, wato ƙarafan ɗora kaya na rufin mota, a ɗora kai ɗaya a kanta, sai wani ƙarfe mai siffar T da ake kafawa a ƙugiyar jan tirela. Duk waɗannan suna rage wahala, amma da ƙarfinka kake aiki. Ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba.

Inda abin ya fara zama na'ura ta gaske shi ne wajen kamfanoni biyu da suke gogayya. Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa tun 1942, yana da wata da ake kira Hullavator. Hannuwa biyu ne da ake jawowa daga rufi su sauko gefen mota kusan mita ɗaya, har daidai ƙugunka. Ka ɗora kwale-kwalen a nan, ka ɗaure shi kana tsaye a ƙasa ba hawa ba ɗage, sannan ka tura sama. A cikin hannuwan akwai sandunan gas irin waɗanda ke riƙe murfin but, su ke ɗauke maka har kilo 18 na nauyin. Iyakar abin da take ɗauka kilo 35 ne. Na gwada ta a shago, kuma gaskiya daɗin aikinta ya kusa raba ni da kuɗina nan take, ga shi farashin ya haura dalar Ostareliya dubu. Abin da ya tsayar da ni shi ne ita kanta na'urar nauyinta ya kusa kilo 18 ɗin. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa. Yakima na Amurka kuma yana da ShowDown, wadda ba ta da gas, zamewa take yi ta karkato gefe. Ta fi sauƙin nauyi, tana ɗaukar kilo 36, amma ƙarfin da za ka sa ya fi na waccan. Mai ciwon kafaɗa ya ɗauki ta farko. Mai lafiya da ƙaramar mota, ta biyun ta ishe shi.

Duka biyun ba sa taɓa tini. Da na sayi nawa a hannun wani da ya gaji da shi, sai na shiga wata duniya dabam, kuma a nan ne 'yan ƙasar suka fi kowa ƙwarewa. Kamfanin Rhino-Rack na Sidni, wanda ya fara a 1992, yana yin mai ɗorawa ta gefe, irinta ce a motata. Ga yadda take aiki. Kana ajiye jirgin a ƙasa daura da mota, bakinsa sama kamar yana kan ruwa. Ka jingina sanduna biyu daga kariya zuwa ƙasa, kamar tsani marar matakai. Igiyoyi suna saukowa daga wani bututu da ke kwance a tsawon kariyar, ka maƙala su a gefen jirgin. Bututun nan yana da ɗan giya a ƙarshensa, nan ake cusa bakin injin huda mai batir. Kana matsa kunama bututun ya fara naɗe igiya, jirgin ya tashi a kan haƙarƙarinsa, ya kife, ya bi sandunan ya haye sama. Iyakarta kilo 80. Ranar farko da na ga jirgin ya miƙe tsaye yana rangaji sai da na ja da baya, amma giyan irin wanda ba ya komawa da kansa ne, ko ka saki hannu jirgin yana nan inda ka bar shi.

Akwai mai ɗorawa ta baya, wadda ke ɗaga hancin jirgin har ya tsaya cak sannan ya kwanto kan rufi. Tana da kyau a wuri mai matsi, sai dai mai jan ɗakin kwana dole ya kwance shi kafin ya sauke jirgi, abin da ta gefe ta hutar da shi. Sama da su duka akwai masu lantarki, da injin naɗe igiya mai jan wuta daga batirin mota da rimot a hannu. Yawancinsu ƙananan masana'antu ne ke ƙera su daidai da motarka da jirginka, kuɗinsu dala dubbai. Wasu ma jirgin a zaune suke ɗora shi ba a kife ba, don ka bar kaya a ciki. Ni ban yarda da wannan ba. Jirgi a zaune kwano ne: ruwan sama ɗaya ya cika shi, kuma kowace lita kilo guda ce a saman kanka.

Yanzu ga abin da na ce ka riƙe, wanda shi ne ainihin maganar. Na'urar nan bayanka take hutarwa, rufin motar kuwa ƙara masa kaya take yi. Kowace mota akwai iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya, a rubuce cikin littafinta. Ƙananan motoci da yawa wajen kilo 75 ne, manyan na shiga daji kuma sau da yawa 100, wasu sun fi haka. Kuma lissafin ba daga jirgi yake farawa ba. Kariya tana ciki, na'urar tana ciki, har maɗaurai. Tawa 100 ce. Da na auna, kariya da na'ura sun ci 25, jirgin 68. Ka ga 93, saura bakwai, ko filafilai ba na bari a sama. Wannan ma a kan kwalta ne. Idan za ka bi hanyar burji mai gargada, irin wadda ke kaɗa haƙora, wasu masu ƙera kariya suna cewa ka raba iyakar da ɗaya da rabi, wato 100 ta koma 66. Kuma kogunan da ake ɗoki yawancinsu a ƙarshen irin wannan hanya suke.

A wani shago da na fara shiga, yaron da ke kanta bai tambaye ni wace mota nake da ita ba sai da ya gama yabon mai lantarki. Da na kawo maganar nauyi sai ya ce kowa haka yake ɗorawa. A shago na biyu, wanda ba ya sayar da komai sai kariya, mutumin ya ƙi ko nuna min kaya sai da ya buɗe kwamfuta ya duba samfurin motar da shekararta, ya fito ya auna faɗin jirgin da tef, sannan ya ce mai lantarki ba tawa ba ce, ko da ina da kuɗin. Wurinsa na saya, duk da ya ɗan fi tsada. Su suka ɗaura min, kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kuma aikin hannu a ƙasar nan ba arha, amma sun ba ni takarda da ta nuna nauyin da aka yarda, suka ce in dawo a sake ɗaure notuna bayan tafiyar farko. Dokar kare mai saye ta ƙasar, wadda ta fara aiki a 2011, ta ce kaya dole ya yi aikin da aka sayar da shi dominsa, in ba haka ba a gyara, a canza ko a mayar da kuɗi. Amma idan kai ka wuce iyakar nauyi, kada ka sa ran ta tsaya maka, kuma kamfanin inshora ma yana iya juya maka baya idan aka yi hatsari.

Injin jirgin ba ya hawa sama, ka sani. Mai ƙarfin doki 15 yakan kai kilo 35 zuwa 50, cire shi ake yi a sa a bayan mota, shi ma da 'yar na'urarsa ta ɗagawa idan kana so. Ga tankin mai, ga tirela mai naɗewa da wasu ke ɗauka don kai jirgi daga masauki zuwa bakin ruwa. Duk wannan yana shiga jimlar nauyin da aka yarda wa motar gaba ɗaya, har da abin da ɗakin kwana ke dannawa a kan ƙugiya. Shi ya sa akwai masu sana'ar zuwa har gida da sikeli su auna maka kowace taya. Na ɗauka almubazzaranci ne sai da na ga maƙwabcin nan nawa yana sauke kujeru da tukunyar gas bayan an auna tasa.

Dokar hanya kuma ba ta da wasa. Kaya kada ya fito gefen mota fiye da santimita 15, kada ya wuce gaba da fiye da mita 1.2, idan kuma ya zarce haka ta baya sai ka ɗaura ƙyalle mai haske da rana, jar fitila da dare. Wanda ba a rubuta a doka ba shi ne garejin manyan kantuna, da yawa tsayin ƙofarsu mita 2.1 ne ko kusa da haka. Na manta da jirgin a kaina wata Asabar, sai ƙarar sandar gargaɗi na ji tana bugun alminiyam, ga layin motoci a bayana, kowa ya ja da baya saboda ni. Tun ranar na liƙa takarda a sitiyari da tsayin motar a rubuce. Mai ma ta fi sha, kuma a kwana sai ka ji tana jinkirin miƙewa, dole ka sassauta.

Ka tambaya ko da na san haka zan sake saye. Zan saya, amma ta hannu. Dattawan nan idan gwiwa ta gaza sukan sayar da komai a shafin saye da sayarwa na Gumtree ko a Facebook, na'ura da jirgi da inji a haɗe, da rahusa sosai. Abin dubawa shi ne igiya ko ta tsufa da rana, da notuna ko gishirin teku ya ci su, da kuma ko ƙafafun kariyar sun dace da motarka, don sau da yawa su ne ba sa dacewa, sai ka sayi sababbi.

A watan Yuni in Allah ya kai mu za mu bi maƙwabcin nawa zuwa Karumba, tafiyar sama da kilomita 2,000 daga nan. Na riga na duba, kwalta ce har can, saboda haka 93 ɗina ta tsira. Kwale-kwalen roba kuwa a gida zai zauna. Ya ce min a kogunan can kada yakan fi shi tsawo.

Naka ƙane.