Laksifa ko gomfirina: wanne za ki shuka a Zariya?

Hajiya, tsakanin furannin ado biyun nan, laksifa da gomfirina, da kika tambaya wanne za ki shuka a Zariya, ki ɗauki gomfirina kawai. Duka biyun sun bi ta hannuna a nan Kaduna, kuma zafinmu da naku duk tafiyar ɗaya ce.

Tawa gomfirinar kyautar maƙwabciya ce, busassun kawuna cikin tafin hannu. Na murje su, na yafa a fangali ɗaya bayan kicin a watan Yuni, ba a yi sati biyu ba suka tsiro. Da suka kai kamar taƙi ɗaya na tsinke musu kai domin su yi rassa. Zuwa Satumba wajen ya cika da 'yan ƙwallaye, shunayya da fari da ruwan hoda, kuma in kin yanka yau, wasu rassan ne za su fito. A kwalbar ruwa tana kai min kwana goma, wani lokaci sati biyu. Da ita muka ƙawata teburin kamun ƙanwata. Wani damin da na busar tun bara har yanzu yana kan shogilas. Ranar da Inna ta zo, sai da ta sa yatsa ta matsa ɗaya, ta ji ya yi ƙaras, sannan ta yarda ba na roba ba ne. Ta tafi da kawuna biyar a bakin zani.

Busarwar ba wuya. Ki kama karan ki girgiza, in kan bai langaɓe ba ya isa yanka. Ki zage ganyen, ki ɗaure goma-goma da roba, don karan na motsewa in ya bushe, igiya sai ta sake. Ki rataye su kai ƙasa a ɗakin da rana ba ta shiga, sati biyu. Ki bari sai ruwa ya ɗauke, don a tsakiyar damina fumfuna suke yi.

Laksifa kuwa, wadda a jikin fakiti za ki ga an rubuta larkspur, ba zan hana ta kyanta ba: doguwa ce, tana haura mita ɗaya, kuma shuɗinta gomfirina ba ta da irinsa. Amma furen ƙasar sanyi ce. Irin yana son ƙasa mai sanyin digiri 10 zuwa 13, a rufe shi da ƙasa don sai a duhu yake tsira, kuma ba ta son dashe saboda doguwar saiwarta. Karon farko na shuka da damina, ko ɗaya bai fito ba. Karo na biyu na ajiye irin sati biyu a firji, na shuka a Disamba, 'yan kaɗan suka fito, zafin Maris ya ƙone su kafin su yi fure. Kuɗin fakiti biyun nan har yau yana min ciwo. Wanda ke Jos ko Mambila zai iya gwada sa'arsa da hunturu. Sannan ki sani dafi ce da ita, ganye da iri duka. A yammacin Amurka danginta na daji suna kashe shanu a makiyaya. Gidan da ke da awaki da ƙananan yara, ni ba zan sa ta ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayar da iri. Ƙwayar laksifa ba ta jure ajiya, in ta shekara yawanci ta mutu, wasu kuma sai su juye tsohuwa a sabuwar leda marar kwanan wata. Duk wanda ya nuna miki hoton gomfirina shuɗiya shar, ƙarya yake, rina hoton aka yi, babu ita a wannan launi. Ki fara sayen irin gomfirina kaɗan wajen mai sayarwa, ki naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki duba bayan kwana goma. In ba a samu biyar da suka tsaga ba, kada ki koma wajensa. Mafi sauƙi ma, ki leƙa wajen masu lambun fure na bakin titi, ki roƙi busassun kawuna daga shukar da kika gani da idonki.