Sharhi kan ƙaramin injin yankan tayil da na yi aikin kantar kicin da shi

Kantar kicin ɗinmu irin ta siminti ce da aka zuba da rodi, aka lulluɓe ta da fararen tayil, kuma shekaru sun sa ramukan da ke tsakaninsu sun yi baƙi da maiƙo, har wasu tayil ɗin suna ƙara kamar ba komai a ƙarƙashinsu idan aka ƙwanƙwasa. Ganin kuɗin da mai sa tayil ya nema, na yanke shawarar yin aikin da kaina, na sayi ƙaramin injin yanka mai faifan milimita 115 a kasuwar Ƙofar Ruwa.

A ranar farko injin ya burge ni ƙwarai. Na bi layin farin simintin da shi, sannan na sa cizal da guduma, tayil ɗin suka riƙa ɓamɓarowa ba tare da kantar ta tsage ba, wanda shi ne abin da na fi tsoro. Ƙurar da yake tayarwa kuwa ba a magana, sai da takunkumi da tabarau, amma wannan halin kowane irinsa ne.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne ina gab da gamawa. Ina cikin yanka gefen sinki aka ɗauke wuta, na tura makunnin baya kamar yadda aka saba, na ajiye injin a kan kantar, na fita tsakar gida. Ashe ƙura ta cika makunnin har ya maƙale a kunne, ko da yake a ido ya koma wurinsa. Da wuta ta dawo, injin ya tashi da kansa, ya yi tsalle ya ratsa sababbin tayil biyu da na jera, ya faɗo ƙasa ya yanke bututun ruwan sinkin, kicin ya cika da ruwa. Allah ya tsare, babu yaro a wurin. Injin da aka ƙera don yankan siminti, a ƙasar da wuta ke zuwa tana tafiya ba sanarwa, bai kamata ƙurar aikin kwana ɗaya ta kashe masa makunni ba.

Da na mayar da shi, mai shagon ya busa makunnin da iska, ya ce ai ya gyaru, kuma kayan wuta ba a karɓarsu bayan an yi amfani da su. Da shi ɗin na ƙarasa aikin, ina zare filoginsa daga soket duk lokacin da na tsaya, kuma yankansa bai canja ba. Sai dai kuɗin mai gyaran famfo da na sabon tayil sun cinye kusan rabin abin da na yi tsammanin zan rage, don haka ba zan ba mai ƙananan yara a gida shawarar sayensa ba.