MiFi ta Huawei E5577: kafin ka saya, ka san wace MB ake nufi

Ga mai shagon buga takardu ko ɗalibi a Birnin Kebbi, wannan ƙaramar na'ura ta 4G ta cancanci kuɗinta. Ka sa mata layi, ta raba intanet ga waya da kwamfuta a lokaci guda. Sai dai yawancin ƙorafin da ake yi a kanta daga haruffa biyu yake tasowa.

A bakin mutane, MB data ce: "MB ɗina ya ƙare." Wannan megabayit ke nan, ma'aunin yawan abin da ka sauke. Amma 150Mbps da ke jikin kwalin, mai ƙaramar b, megabit ce, ma'aunin gudu. Bit 8 ke yin bayit 1, don haka ka raba 150 gida takwas: 18.75MB a daƙiƙa. Shi ma wannan iyakar ƙarfin na'urar ne, ba abin da turken sabis zai ba ka ba, musamman da dare idan kowa ya hau. In gwaji ya nuna 10Mbps, fayil mai 600MB zai ci minti 8. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Akwai ta uku. Idan mai gyara ya rubuta MB a takardar aiki, babban allon injin yake nufi, kuma in shi ne ya ƙone, gara ka sayi sabuwa.

Abin da ya fi burge mu shi ne ɗan allon gabanta, yana nuna ƙarfin sabis da datar da aka ci. Don saiti, haɗa wayarka da ita, buɗe adireshin 192.168.8.1 a burauza, canza kalmar sirri nan take, sannan ka sa iyakar datar wata. Kwamfuta kan ɗauki MiFi kamar intanet marar iyaka, sai ta kama sabunta kanta a ɓoye ta lashe gigabayit guda kafin azahar. A Windows, kunna zaɓin da ke nuna mata layin na awo ne.

Rauninta batir. Akwai mai 1500mAh da mai 3000mAh, nemi babban. Zafin Maris da Afrilu a Kebbi ba wasa ba ne, barin ta a caji yini guda kan kumbura batirin har murfin baya ya ɗaga. Kuma kafin ka biya, gwada layuka biyu daban, domin wasu na'urorin an kulle su a kamfani ɗaya, alhali layin da ke ja a Jega ba lallai ya ja a Zuru ba.